Alhaji Aƙilu Ya Yi wa Sanƙonsa Zubin Taki

Ni ne Maharazu wanzami, kuma shekara ashirin da uku kan Alhaji Aƙilu yana hannuna, don haka in ana maganar kan nan kowa ya ja bakinsa ya bar ni in faɗa. Farkon da na fara yi masa aski, sai na wasa aska sau biyu kafin in gama. A hankali aikin ya koma na gefe da ƙeya. Tsakiya kuwa fes, in ya tuɓe hula a rumfata har inuwar kwanon rufi kana hangowa a ciki. Amma ba mai cewa sanƙo a gabansa. Shi cewa yake tunanin jama'a ne ya cinye gashin.

Alhaji shi ne shugaban ƙungiyar manoman masara ta garinmu, nan gefen Kafur, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa ja da shi. Kujerar nan ita ce ransa. Saboda ita ake kiransa taro Malumfashi, saboda ita ake matsa masa a sahun gaba, saboda ita yake tafiya kamar shi ya shimfiɗa titin. Noma kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Cika bakin ne ya fi noman yawa.

Bana, ana cikin shuka, sai wani ɗan ƙungiya mai suna Bature ya ce shi ma yana son kujerar. Bature ya yi karatun gona a Zariya, ba shi da hayaniya, amma in ya jefa maka magana guda sai ka yi sati kana jin ta. Ran nan suka haɗu a rumfata da hantsi, benci cike da mutane, Alhaji yana ta zuba.

Ya ce, "Ni fa babu ƙasar da ta gagare ni. Ku ba ni kwaltar Funtua, in sa ta yi masara mai goyo biyu."

Bature ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Fako ɗaya ne dai na ga ya fi ƙarfinka."

"Ina yake? Faɗi sunan gonar."

"Ga shi nan a ƙarƙashin hularka."

Ni ban yi dariya ba, aska ce a hannuna a kan maƙogwaron wani. Sauran ne suka kasa riƙewa, har wani ya faɗo daga benci. Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya nuna Bature da yatsa.

"To ku zama shaida. Ranar zaɓe, bayan an karya masara, zan tuɓe hular nan a gaban kowa. In ba ku ga baƙin gashi a tsakiyar kan nan ba, kada wanda ya tsaya a bayana."

Mu zaɓenmu na layi ne. Ɗan takara ya tsaya ya ba da baya, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga. Wato Alhaji ya ɗauki kujerarsa ta shekara goma sha ɗaya ya ɗora a kan sanƙo.

Washegari ya ja ni Funtua wajen likita, wai ni na san tarihin kan. Likitan ya duba, ya auna jininsa, ya sake dubawa, ya ce, "Alhaji, abin ya daɗe. Akwai magani, amma ba na yi maka alkawari. Wasu yana yi musu, wasu ba ya yi."

Alhaji ya ce, "Likita, kai dai ba ni iri. Noman nawa ne."

Likita ya rubuta takarda muka karɓo a kemis: 'yan kwalabe uku na wani ruwa, da ɗan abin ɗigawa. Ya yi bayani dalla-dalla, ina zaune. Cikin abin ɗigawa ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a busasshen kai mai lafiya. Wanda ya shafa ya wanke hannu da sabulu. Kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan awa huɗu. Kada a ƙara, don ƙari ba ya kawo gashi, sai dai ya kawo wahala. A yi haƙuri wata huɗu zuwa shida.

Muna fitowa Alhaji ya ja tsaki.

"Ka ji shi ko? Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba. Wa ya taɓa zuba taki a ƙasar da ba a kafce ba?"

Na ce, "Alhaji, kai ne fa, ba gona ba."

"Maharazu, tsiro tsiro ne. Gobe ka zo da aska ka yi mini 'yar tsaga-tsaga a tsakiya."

Na ce ko zan bar wanzancin da na gada, ba zan yi ba. Ashe da na ƙi, sai ya shiga gida ya ɗauki soson ƙarfen da Hajo ke wanke tukunya da shi. Hajo matarsa ce, kuma taubashiyata, shi ya sa duk abin da ya faru a tsakar gidan nan yana isowa kunnena da zafinsa. Ta ce ya dirje sanƙon sai da ya yi ja kamar gauta, sannan ya tsiyaya maganin. Ta ce bai yi ihu nan take ba. Tsayawa ya yi yana kallon sama, sannan ya zagaya turmi sau uku a guje, ya tsoma kai cikin randar ruwan sha. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko kunama ce.

Ya ɗago yana ɗigar da ruwa ya ce, "Ba komai. Taki ne yake kamawa."

Da kan ya warke sai ya zauna ya tsara aiki. Ɗigo biyu a rana, in ji shi, na malalacin manomi ne. Shi zubi biyar zai riƙa yi, kuma don kada ya manta, sai ya haɗa kowane zubi da sallah: da an kira, a yi masa zubi, ya ɗauki buta. Tun da ba ya ganin tsakiyar kansa, Hajo ce mai zubin. Abin ɗigawa ya jefar, tafin hannu ake cikawa. In ta tashi wanke hannu sai ya hana.

"Wace irin almubazzaranci ce wannan? Shafa mini sauran a ƙeya, ki bar hannun ya bushe."

Maganin wata uku ya ƙare a sati uku. Mai kemis na Funtua ya ce ba zai ƙara ba sai likita ya sake gani. Alhaji ya yi wa takardar hoto-kwafi, ya bi Bakori ranar kasuwa, ya bi Danja, ya dawo da kwalabe cikin buhun taki, yana cewa manomin kirki ba ya bari kaya su yanke masa a tsakiyar damina.

A sati na huɗu, ɗan gashin gefe da ƙeyan da nake samun na goro da shi ya fara zuba. Ya zo rumfata ya tuɓe hula a ɓoye, na ga kai sumul ko'ina. Tausayi ya kama ni, har ga Allah. Na ce mu koma wajen likita.

Ya ce, "Kai wanzami ne, ba manomi ba. In ka yi feshi, ciyawa ce ke fara mutuwa ko shuka ce ke fara fitowa?"

Daga zuwansa Danja kuma ya kwaso wata dabarar. Ya ga yadda masu rainon tumatir ke rufe iri don laima ta zauna, shi ma ya fara sa baƙar leda a ƙarƙashin hula. Ka san zafin rana bayan ruwa ya ɗauke. Yana tafe gumi yana gangaro masa ta goshi da gira da kumatu, haɗe da magani, in ya juya kai ka ji ƙacau-ƙacau. Sau biyu jiri ya kayar da shi a tsakanin kunya. Da masu aiki suka ɗaga shi, cewa ya yi ƙasa yake shinshinawa ya ji ko tana son takin yuriya.

Duk wannan bai sa ya rage baki ba. Kullum sai ya tsaya a gaban shagon Bature ya dafa hula.

"Ɗan boko, ka fara neman wanda zai tsaya a bayanka. Yabanya ta yi kyau."

Bature ya ce, "Allah ya kai mu kaka, Alhaji. Wane iri ka shuka?"

"Mai saurin nuna."

A wata na uku, wata Talata, sai ga Alhaji da rawani, ya naɗe kunnuwa da goshi, ido kawai a waje. Mutane suka fara yi masa barka, suna zaton sarauta aka ba shi bai faɗa ba. Ya jira rumfata ta watse, ya sa na saki labule, ya warware.

Na yi shekara arba'in ina aski, ban taɓa ganin irin wannan ba. Gashi ya fito, baƙi wuluk, mai ƙarfi. Ya fito a kunnuwa, ciki da waje, kamar na ɗan jaki. Girarsa biyu ta haɗe ta zama guda, ta fara hawa goshi. Bayan yatsunsa ma ya yi gashi. Na duba tsakiyar kai, inda aka yi alkawari. Fes.

Na ce, "Alhaji, yaya kake yi bayan an zuba maganin?"

"Alwala mana."

"In ka yi shafar kai, ina hannun ke zuwa?"

Ya ɗaga hannu biyu a hankali ya kama kunnuwansa. Wata uku, sau biyar a rana, yana kwashe magani daga sanƙo da jiƙaƙƙen hannu yana kai wa kunne. Wanda ya tsira kuma gumi ya sauke shi goshi.

Na zaci yanzu zai saduda. Ina, sai fuskarsa ta washe.

"Ka gani ko? Iri mai kyau ne, taki mai kyau ne. Zaizayar ƙasa ce kawai. Gonar tudu ce, ruwa na kwashe takin zuwa gangare. Kunya za mu ja."

Ranar ya sa aka naɗa masa gammo ya kewaye sanƙon, ya zuba magani a tsakiya kamar ana ban ruwa, ya kifa leda, ya kifa hula. Hular ta tashi sama kamar ya ɓoye kwanon tuwo. Yana tafiya a sanɗare, ba ya waiwaye, in an gaishe shi daga gefe sai ya juya duk jikinsa. Ni kuma aiki ya dawo mini: askin kunne sau biyu a sati.

Hajo ce ta tsayar da abin. Ta aiko in zo maza da kayan aiki. Na same ta a tsakar gida da mayafi rufe da rabin fuska, Alhaji yana raɓe a bakin zaure kamar baƙo. Ta yaye mayafin. Kumatunta na dama, tun daga kunne har haɓa, ya yi gashi luf-luf. Na hagu lafiya lau.

Na ce, "Taubashiya, saje aka fara? Ai da kin bari ya haɗe in gyara miki."

"Maharazu, ka kiyaye ni, yau ba ranar wasa ba ce. In na gama shafa masa ya hana ni wanke hannu, ni kuma in zauna in yi tagumi ina tunanin abin da na aura. Ga tagumin nan ya tsiro."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Wannan ai ya nuna cewa..."

"Ka ce mini yabanya ka gani," in ji Hajo. "Ka ce kawai."

Ta faɗa masa sati uku ba ta je suna ba, ba ta je gaisuwa ba, ƙanwarta ta haihu a Malumfashi ta kasa leƙawa. Hawaye ya zubo mata, dariyar da nake riƙewa ta koma ciki. Gobe da safe, in ji ta, ko su tafi Funtua tare, ko ta tafi gidansu ita kaɗai ta nuna wa baffanninta abin da ya shuka.

Likita ya dubi kunnuwa, ya dubi gira, ya dubi Hajo, ya cire tabarau ya goge. Da ya ji zubi biyar da leda da gammo sai ransa ya ɓaci, ya ce Allah ne ya tsare, jirin nan ba wasa ba ne, da zuciya ta taɓu. Ya ce a daina yau. Gashin Hajo da na kunne zai zube da kansa cikin 'yan watanni.

Alhaji ya ce, "Na tsakiya fa, likita? Saura kwana tara zaɓe."

Likita ya ce, "Alhaji, ka sayi hula mai kyau."

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka wuce Bakori, muna bin gonaki, na ga ya ƙura wa masara ido yana murmushi. Na ce a raina ko me yake ƙullawa ba ruwana, kuma ban tambaya ba.

Ranar zaɓe da hantsi aka taru a filin firamare, mutum ya fi ɗari biyu, har da waɗanda ba su taɓa shuka masara ba. Malamin gona ya zo daga Kafur da littafinsa don ƙirga. Alhaji ya iso cikin farar shadda, kunnuwa a aske tas, ni na yi aikin da safe amma ya hana ni taɓa hula. Ya hau kan benci ya yi jawabi a kan fako da masu raina manya, sannan ya kama hula da yatsa biyu ya ɗaga.

Kowa ya miƙa wuya. Gashi ne cike da tsakiyar kai, baƙi, mai tsawo, har yana sheƙi. Ni kaina na ɗan ja da baya. Alhaji ya juya dama, ya juya hagu.

"Ina ɗan bokon? Matso ka ga goyo biyu."

Da a wani wuri ne, wataƙila da ya sha. Amma manoman masara ɗari biyu ya tara. Wani dattijo, Malam Awaisu, ya matso yana ƙanƙance ido, ya shinshina.

"Wannan ai gemun masara ne."

"Gashi ne," in ji Alhaji.

"Gemun masara ne aka rina da baƙin dayis, aka liƙa da ƙaro. Ga ƙudaje nan sun fara zuwa."

Nan take aka bar maganar gashi aka shiga gardamar iri. Wasu suka ce farar masara ce, wasu suka ce ja ce, 'yar kwana casa'in. Malam Awaisu ya ciro sili ɗaya ya murza ya ce a'a, wannan mai jinkirin nuna ce, kuma ɗanya ce, jiya aka tsinko ta. Kowa ya karya tasa tun sati biyu. Gona ɗaya ce ta rage da ɗanyar masara a garin nan. Duk aka juya aka kalli Bature.

Bature ya ce, "Ashe shi ya sa na ga layi biyu an yi musu aski. Na zaci birai ne. Alhaji, ai da ka tambaya da na ba ka mai tsabta, wannan ɓangaren ban yi masa feshi ba."

Yana rufe baki sai ga tsutsa, koriya, ƙosasshiya, ta fito daga cikin gashin. Ta gangaro goshi a hankali, ta iso girar nan da ta haɗe, ta tsaya tana ɗaga kai kamar tana neman hanya. Alhaji ya kai hannu ya kaɗe ta, hannun ya manne da ƙaro, ya fizgo, rabin gonar ya biyo shi. Wani daga baya ya ce ko a kawo famfon feshi. Malamin gona ya kifa fuska a littafi, kafaɗunsa na rawa.

Aka ce a yi layi. Alhaji ya sauko ya tsaya ya ba da baya, rabin kai gemun masara, rabi fes, ƙirji a gaba. Ni ba ɗan ƙungiya ba ne, ina gefe ina kallo. Mutane suka zuba bayan Bature har layin ya lanƙwasa ta bayan aji. Alhaji yana jin takun ƙafa da tari yana gyaɗa kai, yana zaton nasa ne. Da aka ce a waiwaya, ya juya.

Mutum ɗaya ce a bayansa, da mayafi rufe da kumatun dama.

Ya daɗe yana kallonta. Muryarsa ta yi ƙasa, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce, "Hajo, ke ce?"

Ta ce, "Da wa kake zato? Da sanƙonka na zauna da kai shekara ashirin, ka taɓa jin na yi ƙorafi?"

Alhaji ya juya wajen malamin gona ya ɗaga yatsa. "Malam, rubuta. Biyu, da ni."

Malamin gona ya buɗe littafi ya bi sunaye da biro, ya kai ƙasa, ya sake dawowa sama. Ya ce, "Hajiya, ban ga sunanki ba. Kina da katin ƙungiya?"

Hajo ta ce, "Ba ni da shi. Sau uku ina cewa a yi mini, shugaba ya ce mata ba su san noma ba."

Malamin gona ya rubuta ɗaya. Hajo ta sunkuya ta ɗauki hular daga ƙasa, ta kaɗe ƙura, ta miƙa masa.

"Rufe, mu je gida. Akwai ruwan zafi, sai mun jiƙa ƙaron nan kafin ya fita."